Sunan da Na Kira a Kasuwar Makaranta

Ku ukun nan kun taso da wani labari a bakinku, kuma ba daidai kuke ba da shi ba. Duk sanda aka taru aka tuno kakarku, sai ɗayanku ya ce ai Hajiya fushi ta yi ta bar gidanmu na unguwar Old Trafford a Manchester saboda mun kai ta bikin Kirsimeti. Da kunnena na ji Sadik yana faɗa wa matarsa haka, a kan teburina, yana cin tuwona, na yi shiru don kada in kunyata shi a gaban amarya. To, yanzu da ciwon gwiwa ya zaunar da ni na sami sararin rubutu, bari in gyara muku zancen. Hajiya ba don Kirsimeti ta bar gidan ba. Saboda ni ta bar shi, saboda suna ɗaya da na kira a gaban jama'a, kuma ba don neman afuwar kowa nake rubuta wannan ba.

Sai na fara da abin da ku ba ku ɗauka a bakin komai ba. Babbarku 'yar fari ce, kuma sunan Hajiya aka sa mata. A inda na tashi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma kiran sunan uwar mijinta ko da a bayan idonta ne. Ni kuwa sai abu biyun suka haɗe mini a kan yarinya ɗaya. Babanku yana ce mata Mamana, sauran jama'a su ce Mami, Hajiya kuma ta ce takwara. Ni ko Mamin ma nauyi take yi mini a baki. "Ke" nake ce mata, in da wani nake magana kuma in ce "yarinyar nan". Ba wanda ya koya mini wannan da bulala. Haka na ga gwaggon da ta riƙe ni tana yi da babban ɗanta, har ya yi furfura ban taɓa jin ta ambace shi ba, alhali in ya yi tafiya ko abinci ba ya shiga cikinta. A wurinmu so ne wannan, so mai kamun kai. A makaranta kuwa sunan yanka suka sani, da shi malamai da ƙawaye suke kiranta, ita kuma tana ji da shi, har a bayan kowane littafi sai ta zana shi da fenti kala-kala.

Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne matsayin Hajiya a wurina. Uwata ta rasu ban san fuskarta ba. Da na shiga gidansu babanku, Hajiya ba ta riƙe ni riƙon suruka ba. "'Yata" take ce mini, ita take yi mini kitso da hannunta, kuma da aka haifi babbarku, tsohuwar nan da ba ta taɓa hawa jirgi ba ta keto duniya ta zo ta yi mini wankan jego a bahon Turawa, tana mitar ruwan famfo ba ya zafi yadda ya kamata. A shekarar da nake ba ku labari ta sake zuwa ziyara, da shirin raba zamanta tsakanin gidanmu da gidan Yaya Rabi, yayar babanku, a Handsworth can Birmingham. Amma ta zauna ta miƙe ƙafa a wurinmu, har Yaya Rabi ta fara ƙorafi a waya cewa na mallake mata uwa.

Yadda na shiga harkar kasuwar kuwa, ba da niyya ba ne. Akwai wata doguwar mace mai suna Jackie, shugabar ƙungiyar iyaye a makarantarku, irin mutanen nan da in suka tare ka a bakin ƙofa sai ka amsa kafin ka gane me ka amsa. Ta tare ni cikin ruwan sama, Nana tana goye a bayana cikin rigar leda, ta ce za a yi kasuwar Kirsimeti don a tara abin gina rumfa a filin wasa, yara su daina jiƙewa lokacin tara, kuma suna neman hannu. Na ce to. Da na faɗa a gida, wani abokin babanku da ya zo cin abinci ya ajiye cokali ya buɗe mana wa'azi. Babanku ya bari sai da ya gaji, sannan ya ce masa kasuwa ce ba coci ba, kuma rumfar in an gina ta ba za ta tambayi addinin yaron da ya fake ba. Ni ma na shata tawa iyakar: ba ruwana da teburin kwalaben giya, ba ruwana da wasan cire takarda a sa'a, don wannan ko da wane suna aka kira shi caca ce. Jackie ta ce ba komai, aiki ya yi yawa da za a tsaya gardama.

A ɗakin malamai muke zaman kwamiti bayan an tashi, da shayi mai ɗan banzan tsiyar sukari da biskit ɗin da ya sha iska. A nan na ga yadda mutanen nan suke ɗaukar wasa da gaske. Za a yi awa ana muhawara a kan inda teburin kek zai zauna, kusa da ƙofa don ƙamshi ya jawo mutane, ko can ƙurya don a ratsa sauran tebura kafin a isa. Akwai mai zanen fuska, akwai mai kamun agwagin roba da ƙugiya a cikin baho, akwai durom ɗin da ake cika da yagaggen takarda yaro ya zura hannu ya lalubo kyauta. An ware ɗakin ajiyar kayan motsa jiki don tsohon nan na Kirsimeti mai jar riga da farin gemu da yake raba wa yara kyauta, wanda mai gadin makaranta ne zai zama. Har da wani wasa da ake ajiye ƙatuwar 'yar tsana a ce kowa ya biya ya cinki sunanta. Na ce a raina mutanen nan suna ba ya yi musu nauyi ko kaɗan.

Da aka zo kaina na ce zan yi lalle, sai aka ce ai wata 'yar Pakistan ta riƙe wannan teburin tun shekarun baya. Na ce to abinci, in yi tsire da yajin ƙuli. Nan fa aka zaro ido, ashe gyaɗa ko ƙamshinta ba ya ƙetare ƙofar makarantar saboda yaran da take tayar wa ciwo. Na dawo gida ina huci, na ce an raina mini wayo, komai na kawo a ce akwai dalili. Hajiya tana kan darduma tana jan carbi, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce tunda wasa suke so me ya hana in kai musu 'yar carafke. Ku kun san ta, amma saboda jikokina: a zube 'yan duwatsu a ƙasa, a cilla ɗaya sama, a kwashi na ƙasa a cafe na saman kafin ya faɗi. A fara da ɗai-ɗai, a koma bibbiyu, a yi ta hawa har hannu ya gaza.

Na kai duwatsu zama na gaba na nuna musu. Kowa ya yi sha'awa, har Jackie ta ce a ba ta ta gwada. Ta cilla dutse kamar mai jifar tsuntsu, ya daki rufi ya dawo cikin kofin shayin wani malami. Nan take aka yanke cewa wasan ya karɓu amma dutse bai karɓu ba. Ni ce na kawo shawarar ƙwallon dabino, don ba ya fasa kai. Abin da ban lissafa ba shi ne, kafin a sami ƙwallo sai an ci dabinon. Na je shagunan Wilmslow Road na ciko jaka, aka shiga cin dabino a gidan nan safe da rana kamar watan azumi. Babanku ya ce shi karatun digiri ya zo yi ƙasar nan, ba a gaya masa da aikin tsotse ƙwallo a ciki ba. Ina wankewa ina shanyawa a kan hita, ina tarawa a gwangwanin madara. Hajiya ta ɗauki ɗaya ta auna a tafin hannunta ta taɓe baki, ta ce ba shi da nauyi, ba ya dawowa da gaskiya, amma a haka za a yi maneji.

A kan kafet ɗin falo ta buɗe makaranta, ɗalibarta kuma ɗaya ce. Kafin wannan lokacin hirarsu da babbarku ba ta wuce gaisuwa, don Hausar yarinyar a karye take, Hajiya kuwa Turancinta bai wuce godiya ba. Sai ga shi kullum daga dawowa makaranta ko rigar ba ta cirewa, su zauna ƙafa a miƙe suna fuskantar juna. Hannun tsohuwar nan da yake rawa in ta ɗauki kofi, in ya zo kan carafke sai ka rantse na budurwa ne. In yarinyar ta yar, Hajiya ta ce takwara ta ba da ita, ta ja mata kunne da wasa. In ta cafe, ta yi mata guɗa ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su buga bango. Ina kicin ina jinsu, ina jin daɗin da ba na iya nunawa. Kafin sati ya zagayo yarinyar ta fi ni hannu.

A zaman ƙarshe Jackie ta zo da sabon tsari. Ta ce bana in za a tashi, duk mai tebur mai gasa zai hau dandamali da kansa, ya karɓi makirufo ya kira sunan wanda ya ci, don jama'a su ga fuskar waɗanda suka yi wahala. Kowa ya tafa, ni kuwa ban tafa ba, don na san a duk Manchester babu yaron da yake da malama irin ta babbarku. Na ce ko bai dace 'yar mai tebur ta shiga gasa ba, aka ce ba komai tunda wata malama ce za ta yi alƙalanci. Da aka watse na ja Jackie gefe a baranda, na roƙe ta in har yarinyata ce ta ci, ita ta yi sanarwar a madadina. Ta tambaye ni dalili. Turancina a lokacin bai kai in warware mata al'ada ba, sai na ce mata kawai ba zan iya faɗin sunan yarinyar a gaban mutane ba. Da na juya, ga babbarku tsaye a bayana da gwangwanin madara a rungume.

Muka kamo hanya har gida. Sai da nake laluben makulli a jaka ta yi magana, rabi Hausa rabi Turancinta na 'yan Manchester:

"Mama, Sadik kina kiransa. Nana kina kiranta, har waƙa kike yi mata da sunanta. Ni me na yi miki?"

Gaskiya ba tausayi ne ya fara zo mini ba, haushi ne. A ce 'yar da na haifa ta tsare ni a bakin ƙofa tana yi mini tambaya kamar alƙali. Na ce mata ba ta yi komai ba, haka ake yi a wurinmu, 'yar fari girma ake ba ta, kuma sunan kakarta ne da ba ya faɗuwa a bakina. Ta saurara da idanunta a kan takalmi. Na ga bayanin ya bi ta bayan kunnenta ya wuce, don yarinyar da ta tashi tana jin iyaye suna ƙwala wa 'ya'yansu kira a bakin makaranta suna rungume su, ba za ka gamsar da ita cewa shiru ma so ne ba. Ta haye sama, ranar ba a yi carafke a falo ba.

Ranar kasuwar da safe muna loda kaya a mota, tabarmi biyu da gwangwanaye da kwalin kyauta. Babanku ya koma ciki taimaka wa Hajiya da takalmin sanyi, muka rage daga ni sai babbarku. Ta miƙo mini tabarma, ta ce, ba fushi ba kuka, kamar mai gaya mini ta gama wanke-wanke:

"Don't worry, Mum. A zagayen ƙarshe zan yar da ƙwallon. Sai ki kira sunan wata."

Wannan maganar ta soke ni fiye da ta bakin ƙofa. Ta kwana tana tunani, abin da ta samo shi ne ta zubar da abin da ta wahala a kansa don ta rufa wa uwarta asiri. Na tsaya da tabarma a hannu, na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, ba irin wadda aka koya mini ba. Na ce mata ta yi wasanta yadda kakarta ta koya mata, abin da ya rage nawa ne. A lokacin ni kaina ban san me zan yi ba.

Yanzu ku saurara da kyau, ku masu cewa Kirsimeti ce ta kori Hajiya. Zauren ya cika har ba masaka tsinke, ga zafin jiki ga warin rigunan sanyi jiƙaƙƙu, ga waƙoƙinsu suna tashi. Shugabar makaranta da ta ga tsohuwa sai ta sa aka ɗauko mata kujera mai laushi daga ofis aka ajiye a gefen tabarmata. Hajiya ta hakimce da mayafinta a kan ƙatuwar kwat, ta ci kek har yanka biyu, ta miƙa hannu 'yar Pakistan ta zana mata fure. Da mai gadi ya fito da jar riga, gemun audugarsa ya karkace zuwa kunne, ta yi dariya har da share hawaye. Yara suka yi layi a teburinmu, ba don ni ba, don su ga tsohuwa tana cafe ƙwallo ba tare da ta kalle shi ba. Duk zamanta a ƙasar nan ban ga ranar da ta yi nishaɗi kamar wannan ba.

Gasar ta tafi yadda na zata. Aka yi ta zubar da yara har aka rage saura biyu, babbarku da wata 'yar ajinsu mai jan gashi wadda ta iya ba laifi. Da aka fara zagayen ƙarshe na ga hannun yarinyata ya yi sanyi, tana cilla ƙwallon a karkace, tana satar kallona. Na watsa mata hararar da kuka sani, wadda Sadik yake cewa tana tsayar da bas. Ta gyara zama. Daga nan ba ta sake yar da ko ɗaya ba har alƙaliya ta ɗaga hannunta.

Aka fara hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya. Jackie ta matso ta raɗa mini cewa tana nan a kan alƙawari, in na so ta karɓe ni. Na ce ta bari. Na hau da kyautar a hannu, wata lambar cakulan ce a naɗe da takarda mai ruwan zinare. Ina so ku gane cewa ba wanda ya matsa mini, ƙofofi a buɗe suke. Da na ce "'yata ce ta ci", da an tafa har da dariya, ba wanda zai lura. Da na ce Mami kawai, da duk ya wuce. Na duba ƙasa, ga Hajiya an matso mata da kujera gaba-gaba, ga babanku tsaye da Nana a kafaɗa. Ga yarinyar a gindin matakala, ta riga ta sunkuyar da kai, ta shirya wa jin "ke" ta lasifika. Sai na kira sunan, cikakke, yadda aka sanar da shi ranar suna. Ban san lasifikar tana da ƙarfi haka ba, sai da ya daki bango ya dawo mini.

A wurin Turawa ba abin da ya faru, uwa ta kira 'yarta, suka tafa. Mutum uku ne a zauren suka san abin da na yi. Babanku ya sauke ido yana kallon takalminsa. Babbarku ta hawo matakala ba ta ko kalli cakulan ɗin ba, ni take kallo, bakinta a ɗan buɗe. Hajiya kuwa ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta, ta dafa kujera ta miƙe, ta ratsa mutane a hankali ta fita. A baranda muka same ta zaune a kan bencin yara a tsakiyar rigunan sanyi. A mota Sadik ya yi ta surutun agwagin roba. Da na kai mata tuwo ta ce kek ya cika mata ciki. Washegari ta ce wa ɗanta ya kai ta wurin Rabi, ta daɗe ba ta ga jikokinta na can ba.

Ba a jima ba Yaya Rabi ta kira ni. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Zulai, ashe zaman Ingila har ya kai ki nan? Sunan Hajiya a lasifika, tana zaune, ɗanta yana tsaye?" Na bar ta ta zazzage abin da ke cikinta, don tana da gaskiyarta. Babanku bai zarge ni ba, bai kuma goya mini baya ba. Abin da ya ce kawai, da na ce 'yata ai ya wadatar. Na ce masa na sani.

Bayan hutun sabuwar shekara na dafa dambun nama, na ɗauki turaren wutan da nake ɓoyo, na hau babbar bas ni kaɗai zuwa Birmingham. Gidan Yaya Rabi irin siraran gidajen nan ne na Handsworth da suke manne da juna. Na sami Hajiya a ɗakin gaba ta kara ƙafafunta da hita. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa gaisuwar tsaf, don ita ko da maƙiyinta ba ta yanke gaisuwa. Amma da za ta tambaye ni hanya sai ta ce, "Maman Sadik, kin sha sanyi." Tun da na shiga gidansu ba ta taɓa kirana haka ba. Nan na san abin da na biya.

Na ba ta haƙuri a kan kunyar da na sa ta ji, ban ce na yi kuskure ba, ita ma ta lura ban ce ba. Ta daɗe tana juya carbi, sannan ta ce abu ɗaya ne yake damunta tun ranar. Ta ga hannun takwara ya mutu a farkon zagayen ƙarshe, kuma ita ta koya mata, ta san ba gajiya ba ce. Ko tsoron 'ya'yan Turawa ne ya kama ta? Sai na gaya mata abin da yarinyar ta ce mini a bakin mota, kalma da kalma. Hajiya ta ajiye carbin a cinya. Na ji Yaya Rabi ta daina motsi da tukwane a kicin.

"Ban ce kin kyauta ba," in ji ta. "A gaban ɗana kika tsiraita ni, kuma ba zan ce miki ban ji ba. Amma yarinyar da za ta yar da abin hannunta saboda uwarta, ba a barinta haka."

Na ce to me take so in yi.

"Ki riƙa kiranta. Amma ki bari in hau jirgi tukuna."

Ta karɓi dambun, ta ce gishiri ya yi daidai. Ba ta biyo ni Manchester ba, kuma ba ta sake kwana a ƙarƙashin rufina ba har ta koma ga Mahaliccinta. Duk zuwan da muka yi gida bayan nan tana karɓata da mutunci, ta sa a yanka mini kaza, ta tambayi lafiyata. Amma ba ta sake taɓa kaina da sunan kitso ba, kuma kalmar nan "'yata" ban sake jinta daga bakin kowa ba. Na yi kukan wannan ni kaɗai ba sau ɗaya ba, don uwa biyu Allah ya ba ni, ta biyun da bakina na sallame ta. Ba muguwa ba ce, kada in sake jin wani a cikinku ya faɗi haka. An taɓa mata abin da aka gina ta a kansa ne, ta kuma yi adalcin da ya fi ƙarfin zuciyarta. Rumfar dai an gina ta, kun fake a ciki ku duka.

Ranar da za ta tashi muka je Birmingham gaba ɗaya yi mata rakiya. A filin jirgi, kafin a tura kekenta ciki, ta kwance bakin mayafinta ta zuba wa babbarku wasu 'yan duwatsu masu santsi a hannu, da ta tsinto a bayan gidan Yaya Rabi. Ta ce mata waɗannan su ne na gaskiya, ta watsar da ƙwallon dabino. Muka koma mota, babanku zai tayar, na ce ya dakata. Ya dube ni, bai tambaya ba, ya zare hannu daga makulli. Muka zauna gilashi yana yin hazo, Sadik yana mitar yunwa, har wani jirgi ya taso ta saman gine-gine ya shige gajimare. Ban san ko nata ba ne, amma lokacinsa ya yi. Na juya baya. Yarinyar tana ta juya duwatsun a tafin hannu, bel ɗinta a sake.

Na ce, "Hauwa'u, ɗaura bel."

Ta ɗago kai ta ce, "Sake faɗa."

Na ce mata ni ba na maimaita magana, ta ɗaura bel mu tafi. Ta ɗaura.